"Wayarka ta ishe ka": ƙaryar da ke da rabin gaskiya

Wata talla ce ta addabe ni a Facebook kwanan nan. Wani matashi cikin farar shadda, a zaune a mota, yana juyo da allon wayarsa ana ɗauka. Allon cike da lambobi shuɗaye masu nuna riba, shi kuma yana faɗin ba sai da shago ba, ba sai da kwamfuta ba, wayarka ta ishe ka. A ƙasan bidiyon samari sai rubutu suke yi: "oga ina ciki", "don Allah a sa ni a guruf".

Manhajar da yake nunawa ba ta bogi ba ce. MetaTrader ce, wadda kusan duk mai harkar foreks, wato cinikin kuɗaɗen ƙasashe ta intanet, ya sani. Kamfanin MetaQuotes ne ya ƙera ta, asalinsa daga Rasha, yanzu hedikwatarsa na Limassol a Saifurus. Sigarta mai suna MT4 ta fito a 2005, MT5 ta biyo baya a 2010, kuma kowacce tana da ta kwamfuta da ta waya. Da yake kayan aikin na gaske ne, sai mai kallo ya ɗauka duk maganar da aka ɗora a kansa ita ma gaskiya ce.

Ga ra'ayina tun da wuri. Manhajar waya ta dace da dubawa da kuma rufe ciniki idan abu ya taso. Ba ta dace da yanke shawarar shiga ciniki ba. Sauƙin nan da ake yabon ta da shi, shi ne babban aibinta. Ta kwamfuta ta fi ta nesa ba kusa ba, amma ita ma ba ta mayar da asara riba, kuma a cikin biyun babu wadda za ta gaya maka ko dillalin da ka tura wa kuɗinka mutumin kirki ne.

Abin da kwamfuta ke yi wanda waya ba ta yi

A ba kowa haƙƙinsa. MetaTrader ta kwamfuta kayan aiki ne mai kyau, shi ya sa shekara 20 bayan fitowar MT4 har yanzu mutane sun ƙi rabuwa da ita, duk da kamfanin da kansa ya fi son a koma MT5. Kyauta ce ga ɗan kasuwa, dillali ne ke biyan kuɗin lasisi. Ba ta da nauyi, tsohuwar kwamfutar cinya 'yar gwanjo tana ɗaukar ta. Za ka iya jera zanen farashi huɗu ko shida a gabanka, ka ga abin da dala ke yi da yuro a rana, a awa, a minti 15, duk a kallo ɗaya. MT4 tana da ma'aunin lokaci 9, MT5 tana da 21.

Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne wurin gwaji. A kwamfuta za ka iya ɗaukar dabararka ka rubuta ta a matsayin ƙa'ida, ka sake ta a kan farashin shekarun baya, ka ga da ta ci ko da ta ƙone. Manhajar waya ba ta da wannan sam. Wanda duk iliminsa a waya ya tsaya, bai taɓa gwada dabarar da ogansa ya koya masa a kan tarihi ba. Da kuɗinsa yake gwajin.

Haka nan shirye-shiryen da ke ciniki da kansu, waɗanda samari ke kira robot, da ma'aunan nazarin farashi da mutum ke rubuta wa kansa da MQL, harshen rubuta shirye-shiryen manhajar, duk a kwamfuta kaɗai suke aiki.

Akwai wani ɗan bambanci da ya cinye kuɗin mutane da yawa ba su san dalili ba. Shingen asara, wato farashin da ka ce in an kai nan a rufe min, yana zaune ne a na'urar dillali. Ko wayarka ta mutu, ko an ɗauke wuta, yana nan. Amma shinge mai bin farashi, wanda ke matsawa gaba yayin da riba ke ƙaruwa, a cikin manhajar kwamfutarka yake aiki. Ka rufe kwamfutar, ko intanet ya yanke, ya daina matsawa, ya tsaya inda ya kai. Robot ma haka. A ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramin rauni ba ne ga kwamfuta, kuma shi ne ya sa masu robot ke hayar wata kwamfuta a can ƙasar waje da ba a kashewa dare da rana. Ƙarin kuɗi kenan kowane wata, wanda mai talla ba ya ambata.

To wayar fa?

Tana da amfaninta, ba na musu. Kasuwar nan ba ta barci daga daren Lahadi zuwa daren Juma'a. Alƙaluman ayyukan yi na Amurka, waɗanda ke girgiza dala da zinare cikin daƙiƙoƙi, yawanci ranar Juma'ar farko ta wata suke fitowa, da ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana agogon Najeriya, gwargwadon lokacin shekara. Kowa ya san inda Musulmi yake a wannan lokacin. Wanda ya manta da ciniki a buɗe, ya tuna yana bakin ƙofar masallaci, waya ce za ta cece shi, ya rufe ya shiga sahu hankali kwance. (Wanda kuma ke leƙen allo liman na huɗuba, wannan matsalarsa ta wuce ta manhaja.)

Waya tana da batir, tana da data, tana aika sanarwa. Don haka ni ban ce a goge ta ba.

Abin da nake ƙi shi ne buɗe ciniki da babban yatsa. A kan allon da bai wuce tafin hannu ba, kyandirori kaɗan kake gani, wato sandunan da ke nuna motsin farashi a zanen. Farashi ya yi sama na rabin awa, sai ka ga kamar duniya ce ta tashi, alhali a zanen mako ɗan tsalle ne cikin gangara mai tsawo. Sannan tsakanin 0.01 da 0.10 da 1.00 a gurbin girman ciniki, ɗigo ne da sifili kawai. A cinikin yuro da dala, na farko kowane taku, wato ɗan ƙaramin motsin farashi, santi 10 ne, na biyu dala 1, na uku dala 10. Mai dala 100 a asusu da yatsansa ya zame daga na farko zuwa na biyu a cikin A Daidaita Sahu, taku 100 ya raba shi da jarinsa, kuma taku 100 abu ne da kasuwa ke iya yi a yini guda.

Kuskuren yatsa ma mai sauƙi ne. Babbar illar ita ce waya ta kawar da jinkiri. Mai kwamfuta sai ya koma gida, ya zauna, ya kunna, ya jira ta buɗe. Kafin nan zuciya ta ɗan huce. Mai waya kuwa kasuwar na aljihunsa a wurin ɗaurin aure, a layin banki, a kan gado ƙarfe biyun dare bayan ya yi asara yana neman ramuwa. Duk wanda ya taɓa zama da masu wannan harka ya san cinikin ramuwa ne ke ƙone asusu, ba cinikin farko ba.

Wannan ba zato ba ne kawai. Wasu malaman jami'ar Kalifoniya biyu, Brad Barber da Terrance Odean, sun bi diddigin masu zuba jari 1,607 da suka bar sayen hannun jari ta kiran dillali a tarho suka koma yi da kansu a intanet a shekarun 1990. Kafin su koma, suna gaban kasuwa da sama da kashi 2 cikin 100 a shekara. Bayan sun koma, ciniki ya yawaita, caca ta ƙaru, suka koma bayan kasuwa da sama da kashi 3. Mutanen ba su canza ba, tazarar da ke tsakanin sha'awa da aiwatarwa ce ta ragu. A 2021 kuma wani bincike kan abokan hulɗar bankuna biyu a Jamus ya kwatanta mutum ɗaya da kansa, abin da yake saya in yana kan waya da abin da yake saya in yana kan kwamfuta. A waya ya fi sayen kadarori masu haɗari, masu kama da tikitin caca, ya fi bin abin da ya riga ya tashi. Gaskiya ne duka binciken biyu a kan hannun jari aka yi su, ba foreks ba. Sai dai ban ga dalilin da zai sa zuciyar ɗan Adam ta fi natsuwa ba a kasuwar da ta fi sauri, kuma ake juya kuɗin aro a cikinta.

"Ai tarbiyyar mutum ce, ba na'ura ba"

Wannan ita ce amsar da aka fi ba ni. Wai mai haƙuri mai haƙuri ne ko a waya, mai gaggawa kuwa ko ka ba shi allo goma sai ya ƙone.

Rabin maganar daidai ne. Amma masu ƙera manhajoji ba su yarda da ita ba, don da sun yarda da ba su kashe maƙudan kuɗi kan launi da ƙara da wurin da maɓalli zai zauna ba. Kamfanin Robinhood na Amurka ya daɗe yana watsa wa mutum furannin biki a allo idan ya yi cinikinsa na farko, sai a 2021 ya cire bayan suka ta yi yawa cewa ya mayar da zuba jari wasa. MetaTrader ba ta da irin wannan kwalliya, fuskarta a murtuke take, kuma ina yaba mata a kan haka. Duk da haka tana da ciniki da taɓawa ɗaya, ba tambayar "ka tabbata?". Haƙurin mutum yana da iyaka, kuma mai hankali ba ya ajiye jarabawarsa a aljihun gaba yana cewa ai ni na san kaina.

"Mu da ba mu da kuɗin kwamfuta fa?"

Wannan ta fi ƙarfi, kuma tana da ɗaci. Ana cewa waya ta buɗe wa talaka ƙofar da a da sai bankuna da manyan attajirai ke shiga. Kasuwar da Bankin Daidaita Lamurran Kuɗi na Duniya da ke Basel ya ƙiyasta ana juya dala tiriliyan 7.5 a cikinta kullum a 2022, yau ɗan Kurna ko ɗan Tudun Wada na iya leƙa ta da dala 10.

Ƙofa ta buɗe, haka ne. Sai a tambayi abin da ke faruwa da waɗanda suka shiga. Hukumar kasuwannin kuɗi ta Faransa ta duba asusun dubban mutane na shekara huɗu, ta fitar da sakamako a 2014: kashi 89 cikin 100 asara suka yi. A 2018 hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta ce tsakanin kashi 74 zuwa 89 na ƙananan masu irin wannan ciniki suna asara. Waɗannan Turawa ne masu wuta ba yankewa, da intanet mai gudu, da manyan alluna. Wato ita kanta kwamfutar da nake fifitawa ba ta cece su ba, kuma dole in faɗi haka ƙarara don kada wani ya sayar da babur ɗinsa ya sayi kwamfuta ya ce ni na sa shi.

Amsata ga wanda ba shi da kuɗin kwamfuta ba mai daɗi ba ce. Idan kuɗin tsohuwar kwamfuta ya fi ƙarfinka, to kuɗin da za ka sa a asusun ma kuɗi ne da ba za ka iya jure rasa shi ba. Asusun gwaji, wanda ake ciniki a cikinsa da kuɗin ƙarya, kyauta ne, a wayar ma akwai shi. Zauna a can.

Asusun gwajin nan kuwa shi ne jarin masu talla. Kowa na iya buɗe shi da dala 100,000 ta ƙarya cikin minti biyu, ya buɗe ciniki, ya jira lambobi su yi shuɗi, ya ɗauki hoto. Akwai kuma asusun santi, inda dala 10 ke bayyana a matsayin 1,000. Hoton allo ba hujja ba ne a kan komai.

Wanda ke bayan allon

Nan ne waya da kwamfuta suka yi tarayya a rauni ɗaya, kuma shi ne ya fi duk sauran. MetaQuotes ba ya riƙe kuɗinka, ba shi ke ba ka farashi ba. Manhaja yake sayar wa dillalai. Farashin da kake gani, da tazarar da ke tsakanin saye da sayarwa, da saurin cika umarninka, da ko za a biya ka ranar da ka nemi cire kuɗi, duk a hannun dillali suke. Kamar na'urar POS ce: ingancinta bai gaya maka asusun wa kuɗin ke faɗawa ba.

Da yawa daga cikin dillalan nan ma ba sa kai cinikinka wata kasuwa. Su ne abokan cinikinka kai tsaye, in ka yi asara ta zama ribarsu. Wannan ba laifi ba ne a doka muddin an bayyana, amma ya kamata ka sani. A Fabrairun 2017 CFTC, hukumar Amurka da ke sa ido kan irin wannan ciniki, ta ci FXCM, ɗaya daga cikin manyan dillalan ƙasar a lokacin, tarar dala miliyan 7, kamfanin ya fice daga kasuwar Amurka, saboda ya gaya wa mutane ba shi da wata maslaha a asararsu alhali yana da alaƙar ɓoye da kamfanin da ke ɗaya gefen cinikinsu. Idan haka ta faru a inda ake sa ido sosai, to ina ga dillalin da rajistarsa ke wani tsibiri kamar Sent Binsent, inda hukumar kuɗin ƙasar da kanta ta sanar cewa ba ta kula da harkar foreks?

A Satumbar 2022 Apple ya cire MT4 da MT5 daga shagonsa na manhajoji, daidai lokacin da rahotanni ke fitowa kan 'yan damfara da ke jan mutane zuwa dillalan bogi ta cikin manhajar, suna nuna musu riba ta ƙarya. Sai a Maris 2023 suka dawo. Wata shida masu iPhone ba su iya sauke ta sabuwa ba. Ga wani raunin waya kenan da ba a cika tunawa ba: akwai mai gadi tsakaninka da kayan aikinka, kuma yana iya rufe ƙofa ba tare da ya tambaye ka ba.

Sai batun lebarej, wato dillali ya ba ka damar juya kuɗin da ya ninka naka sau da yawa. Turai ta ƙayyade shi a ninki 30 ga manyan kuɗaɗe tun 2018, ninki 20 ga zinare, ninki 2 ga kuɗin kirifto. Amurka ta tsaya a 50. Mu kuwa ana tallata mana 500, 1,000, har fiye, sau da yawa daga rassan kamfanonin da a Turai ba su isa su yi haka ba. Lissafin ba wuya: dala 100 a ninki 500 tana juya dala 50,000, kuma farashi ya motsa kashi 0.2 cikin 100 kacal ta inda ba ka so, ɗarin ta tafi. Manhajar, ta waya ko ta kwamfuta, ba za ta ce maka uffan ba. Shingen asara ma ba ya da tabbas in kasuwa ta yi tsalle. Ranar 15 ga Janairu 2015, da babban bankin Suwizalan ya janye ƙa'idar da ya ɗaure kuɗinsa da yuro a 1.20, farashi ya tsallake shingayen mutane, wasu suka wayi gari dillali na bin su bashi, kamfanin Alpari na Ingila ya durƙushe.

Akwai kuma tambayar da mai karatu Musulmi zai yi, kuma ba ni ne mai ba da fatawa ba. Abin da na sani shi ne Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna kan cinikin da ake yi da rancen dillali a 2006 ta ce bai halatta ba, kuma kuɗin kwana da ake cajin ciniki in ya wuce dare ɗaya ne kawai daga cikin dalilanta. Ta ambaci haɗa rance da dillanci, da rashin karɓa hannu da hannu. Ɗan canji a Wapa yana miƙa dala ya karɓi naira. A allo babu dalar da ke zuwa hannunka, bambancin farashi kawai ake biya. Saboda haka maɓallin "asusun Musulunci" da ke cire kuɗin kwana ya amsa tambaya ɗaya ne, sauran suna nan. A kai wa malamin da ya fahimci yadda abin ke aiki, a yi masa bayani cikakke, ba rabin da zai sa ya ce halal ba.

Abin da nake so hukuma ta yi

A Maris 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar zuba jari da hannayen jari, kuma SEC, hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Najeriya, ta bayyana cewa gudanar da dandalin foreks na intanet ba tare da rajista da ita ba laifi ne. Wata guda bayan haka CBEX, wata manhajar zuba kuɗi ta intanet, ta rufe da kuɗin jama'a, mutanen da su ma lambobi suke kallo suna hawa a allon waya. Dokar ta zo a kan gaɓa, amma rajista kaɗai ba ta isa ba.

Turai ta yi wani abu mai arha da nake ganin ya fi kowane wa'azi tasiri. Ta tilasta wa kowane dillali ya rubuta a jikin tallarsa kashi nawa cikin 100 na abokan cinikinsa ne ke asara, da alƙaluman kamfanin kansa. Ta hana kyautar "sa ɗari mu ƙara maka ɗari". Ta hana a bi ƙaramin ɗan kasuwa bashin da ya wuce abin da ya ajiye. Ba abin da zai hana SEC ta nemi haka daga duk wanda ke son tallata wa 'yan Najeriya, kuma sharaɗin ya hau kan masu guruf da masu sayar da sigina, wato shawarar lokacin saye da sayarwa, da ke karɓar kamasho a kan kowane mutum da suka kawo wa dillali. Yawancinsu daga kamashon nan suke ci, kuma kamashon yana ƙaruwa ne da yawan cinikin da ka yi, ko ka ci ko ka faɗi. Wanda abincinsa ke zuwa daga yawan danne-dannenka, dole ya fi son kasuwar ta kasance a aljihunka.

In tallar da Hausa aka yi ta, gargaɗin ma ya zo da Hausa, da baki, a farkon bidiyo, ba da ƙananan haruffan Turanci a ƙasa ba. Kuma mai tallar ya faɗi sunan dillalin, da ƙasar da ya yi rajista, da nawa ake ba shi a kan kowane kai.